Bidon mai a gidan tarihi: jawabi ga matasa masu ɗaukar hoto

'Yan uwa matasa, sannunku da zama cikin wannan zafi. An ce in yi magana kan hoto da bidiyo, amma ku yi mini haƙuri, da bidon mai zan fara.

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Ƙonni ya san 'yan ruwa-ruwa. Ya san yaron da ke ɗaure bido biyar, shida a bayan babur, ya bi daji da dare, ya san kuma wanda ya tafi bai dawo ba saboda wuta ta kama. A Benin ma haka abin yake, can suna kiran man da suna kpayo. To akwai wani mutumin Porto-Novo, Romuald Hazoumè, haifaffen 1962, da ya tsaya ya dubi bidon nan da kyau. Ya ga bakin zuba mai ya zama baki, mariƙin ya zama hanci. Fuska ce sak. Sai ya tara guda 304, ya jera su a ƙasa kamar yadda aka jera bayi a wani tsohon zanen jirgin ruwan Ingila mai suna Brookes. Ya sa muryoyi suna fita daga cikinsu, ya sa wari irin na cikin jirgin, sannan a gefe ga ɗan bidiyo na masu fasa-ƙwaurin mai a kan babura. Sunan aikin La Bouche du Roi. Irin wannan aiki ba rataye shi ake a bango ba, ɗaki ake ba shi, kai kuma ka zagaya shi da ƙafarka, kunnenka da hancinka duk suna aiki.

Ina aikin yake yau? Yana London, a British Museum, wanda ya nuna shi a 2007. Abin da ke ci mini rai ke nan. Labarin yaran iyakarmu ne, amma sai mai biza zai gani.

Sai dai 'yan Benin ba su naɗe hannu ba. Gidauniyar Zinsou ta buɗe a Kwatano a 2005, kuma da aikin Hazoumè ta fara. A 2013 ta buɗe gidan nuna fasahar zamani a Ouidah, cikin wani tsohon gida da ake kira Villa Ajavon. Ouidah fa ba babban birnin ƙasa ba ne, kuma shiga kyauta ne. Ɗan makaranta zai shiga da silifas ɗinsa, ba mai tambayarsa ko dala.

Mali ma, tun 1994 take tara masu hoto na Afirka a Bamako. Malick Sidibé, wanda ya riƙa bin bikin samari da 'yan mata da kyamara, shi aka ba babbar kyautar Venise a 2007.

Mu fa? Muna da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai tun 1959, Damagaram da Dosso ma suna da nasu. Mun kuma yi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki hotunan daren Yamai a shekarun 1960 da 1970, masu rawa, masu kiɗa, 'yan gayu da wandonsu mai faɗin ƙafa. Ku ɗaga hannu, su wa suka taɓa ganin hotonsa ko ɗaya? Kun gani.

Ni kaina ba na wanke kaina. Akwatin hotunan kakata gara ta cinye shi a ɗakinmu, ina nan zaune ina ɗora hoton shayi a Facebook. Har da hoton aurenta, guda ɗaya tak. Kuma ku da kuke cewa komai yana cikin salula, ranar da aka fizge ta a tasha, shekara nawa za ta tafi da ita?

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Kowa ya je wajen tsohuwarsa ya roƙi hotuna uku na da, ya zauna ta faɗa masa wane ne wannan, a ina, a wace shekara, ya rubuta a baya da fensir, ban da biro don yana ɓata takarda. Masu bidiyo kuma, kafin ku ɗauki ɗan ruwa-ruwa ko mai tallar fura, ku nemi izininsa, ku kuma ɓoye fuskar wanda bidiyon zai iya ja wa kamu. In mun tara abin da ya kai cika ɗaki ɗaya, sai mu je wajen masu kula da gidan tarihi mu roƙi aron ɗakin na sati biyu.

Wa zai riƙe mana littafin rubuta sunaye?