Yaɓe ko sabon gini?



A watan Nuwamba 1786, George Washington ya rubuta wa James Madison wasiƙa. Ya ce ginin da suka shekara bakwai suna ɗagawa da jini da dukiya zai rushe in ba a sake tsari ba. Gwamnatin Amurka yake nufi, wadda a lokacin ko haraji ba ta da ikon ɗora wa kowa.

Bayan shekara guda, Thomas Jefferson ya rubuto wa John Adams daga Paris, ya ce tsohon ginin nan mai daraja ne, a ƙara masa ayoyi uku ko huɗu ya isa. Kun gani? Ɗaya na ganin bango ya tsage har tushe, ɗaya na cewa yaɓe kawai yake so.

To, wa ya raba gardama? Jihohi. A 1788 wata jaridar Boston ta riƙa zana kowace jihar da ta amince da sabon kundin a matsayin ginshiƙi. Sai da tara cikin 13 suka tsaya kafin a aza rufi.

Don haka, duk mai ce muku zai gina ƙasa, ku tambaye shi: an shawarci masu kwana a ɗakin?