Tallafi ta talho: abin da Togo ta gwada



A watan Afrilu na 2020, da annobar korona ta tsayar da kasuwanni, gwamnatin Togo ta ƙaddamar da shirin Novissi. Talaka bai jira sa hannun wani ɗan jam'iyya ba: ya danna *855# a talhonsa, ko marar intanet ne, ya shigar da lambar katinsa na zaɓe. A lokacin, mace tana samun jikka 12 da dala 50 a wata, namiji jikka 10 da rabi, domin an san hannun da ke ɗora tukunya.

Sai dai katin zaɓen nan shi ne mabuɗi. Wanda bai yi rajista ba, da baƙi irin ƴan Nijar masu neman abinci a Lome, talhonsu bai kawo musu ko dala ba.