Idan Lambar Tura Kuɗi Ta Tsaya A Bakin Iyaka

 Yau maganarmu kan lambobin nan ne da ake dannawa da tauraro a farko, a rufe da alamar tsani, don tura kuɗi ko duba saura. Ka sayar da sa, mai saye ya danna lamba, waya ta yi ta juyi, sai ta mutu. Kuɗi sun tafi ko ba su tafi ba? Nan ake samun rigima.

Abu na farko, kada a sake turawa. A duba sauran kuɗin asusu tukuna, domin wani lokaci kuɗin sun fita, saƙon shaida ne ya makara. Wanda ya yi gaggawa sai ya biya sau biyu. Kai kuma mai dabba, kada ka saki igiya sai ka ga kuɗin a naka asusun.

Sannan a nemo inda cutar take. Makiyayi ba ya ɗura wa garke duka magani don saniya ɗaya ta ƙi kiwo, ware ta yake yi ya duba. Haka waya: abu ɗaya ake canzawa, a gwada, kafin a taɓa na biyu.

A fara da lamba mai sauƙi. A layukan Najeriya, *310# tana nuna sauran kati. In ta amsa, to layi da waya lafiya lau, matsalar tana wajen banki, sai a dakata. In ita ma ta ƙi, a dubi sunan kamfanin da ke saman allo. A bakin iyaka waya kan kama ƙarfen sabis na ƙasar maƙwabta ba tare da ka sani ba, lambobin gida kuma sau da yawa ba sa tafiya ta can. A shiga saitin waya, a zaɓi kamfanin da hannu.

Mai waya mai layi biyu, ka tabbata da layin da banki ya sani ka danna. In duk an yi haka bai yi ba, a cire layin a sa a wata waya. In ya yi aiki a can, wayarka ce ke da laifi.

In za ka kai ƙara, riƙe abu uku: ranar da lokacin, adadin kuɗin, da rubutun da ya fito a allo. Ɗauki hotonsa, ko ka sa a kwafe maka. Amma lambar sirrinka, ko mai gyaran waya kada ka ba shi.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kiyaye dukiya. Sai mako mai zuwa.