Muƙabalar Zamani: Yadda Ake Gane Fayil Bai Canja a Hanya Ba



Mu mutanen wannan yanki, daga Gusau da Tsafe har Bunguɗu, mun gaji sha'anin kwafar rubutu. 'Yandoto ta yi suna da malamai tun kafin jihadin 1804, lokacin da ake juyar littafi da hannu. In marubuci ya gama sai a yi muƙabala, wato ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin kwafi. Sa'an nan a ƙasan warƙa akan rubuta kalmar farko ta warƙar gaba, don in wata ta ɓace a gane. To, mu da muka koma kwamfuta mun yi sakaci da wannan tarbiyya, ni kuwa na ɗanɗana kuɗata.

Wata rana aka turo mana jerin sunayen ma'aikata ta intanet domin biyan albashi. Layi ya yanke ana cikin saukewa, fayil ya zo guntu, amma ya buɗe lafiya lau. Ni na sauke shi, ban kuma duba ba. Ƙarshen wata sai ga magidanta a bakin ofishinmu, albashinsu bai shiga ba, ga azumi ya ƙarato. Har yau ina jin kunyar wannan rana.

Maganin abin shi ne lambar shaida, wadda masana kwamfuta ke kira ceksam. Kwamfuta na bin fayil kaf, ta yi lissafi, ta fitar da wata lamba. Mai aikowa ya lissafa tasa, mai karɓa ya lissafa tasa, a gwada. In sun yi daidai, kwafi ya zo cikakke; in ko ɗigo ɗaya ya canja, lambar za ta birkice baki ɗaya. Kowannenmu ma yana yawo da ƙanwar wannan dabara a aljihu: lambar asusun banki mai adadi 10 da aka fara aiki da ita a 2011, adadinta na ƙarshe daga sauran aka lissafo shi, don a kama kuskuren bugawa.

Hanyar da nake ba ku shawara a kai ita ce SHA-256, wadda aka fitar a Amurka a 2001, mai ba da haruffa da lambobi 64. A kan Windows sai a rubuta certutil -hashfile, sunan fayil, sa'an nan SHA256. A guji SHA-1, domin a 2017 masana na Google da na Amsterdam sun haɗa fayil biyu mabambanta masu lamba ɗaya.

Amma fa a kula. A Fabrairun 2016 ɓarayi sun kutsa shafin Linux Mint, suka sa mutane sauke gurɓatacciyar manhaja. Wanda ya iya canja fayil a shafi zai iya canja lambar da ke gefensa. Saboda haka in fayil ya zo ta imel, lambar ta zo ta saƙon waya.

Ina roƙon Sakatare da Ma'aji mu fara da rajistar membobinmu da ta kuɗin ƙungiya. Allah Ya sa mu dace.