Lita nawa albasa take sha a rana?

A garkar albasa na tashi, cikin jihar Tahoua, amma sai da na shiga jami'a na gane ana iya lissafa ƙishirwar shuka. Babana da ido yake ban ruwa: in ya ga saman fangali ya yi fari, sai a tada inji. Kuɗin mai ya tafi, ruwan rijiya ya ja baya, wani lokaci ma albasar ta ruɓe a rudu.

To lissafin ba wuya gare shi ba. Kullum rana da iska suna ɗauke ruwa daga ƙasa, ganye ma yana fitar da nasa kamar gumi. Masana sun haɗa biyun suna awo da milimeta bisa fili mai gajeriyar ciyawa da ba ta rasa ruwa, suna ce masa ETo. Ku riƙe wannan: milimeta 1 lita 1 ce a kan fili mai meta 1 tsawo, meta 1 faɗi.

Sai dai albasa ba ciyawa ba ce, kuma ɗan dashe ba ya sha kamar wadda ta fara yin kai. Shi ya sa kowace shuka take da lambarta, Kc, mai canzawa da girmanta. A littafin da hukumar FAO ta fitar a 1998, ta albasa 0,7 ce a farko, 1,05 a tsakiya, 0,75 dab da cira.

Mu ce yau ETo milimeta 6 ne. Ka ninka 6 da 1,05, ka samu 6,3. Fili mai meta 10 kowane gefe zai sha lita 630 ke nan, tano 3 da ɗan ɗori. Da ɗan dashe ne, lita 420 ta isa. Ka ƙara wani abu saboda wanda ke ɓacewa a hanyar ruwa, musamman in ta ƙasa ce. Jigawa kuwa ba ta riƙo, sai a ba ta kaɗan-kaɗan a kai a kai. Laka tana jure kwanaki.

Na gwada wa Baba. Dariya ya yi, ya ce: «Yaro, takarda ce za ta koya mini albasa?» Amma ya yarda muka auna minti nawa injin yake ɗauka ya cika tano ɗaya. Ranar ya fara sanin yawan ruwan da yake zubawa.

Abin da ke damuna, wannan lamba ta ETo ba sirri ba ce. Tashoshin awon yanayi suna da abin lissafa ta, cibiyar AGRHYMET ma tana nan Yamai. Me zai hana rediyon karkara ya faɗe ta da Hausa kowace safiya lokacin noman rani, yadda ake faɗin milimetan ruwan sama da damina? Ita za mu rubuta mu nema wannan mako, kuma ina son sa hannun kowa kafin mu watse.