Neman Ilmi a Ƙasashen Waje: Yadda Jami'o'i Ke Tantance Ɗalibi na Gaskiya

Jawabin wayar da kan jama'a da aka gabatar a Kwaja, Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, Jihar Adamawa



Mutanen Kwaja ba sa bukatar a bayyana masu abin da a ke nufi da iyakar ƙasa, domin ga Kamaru nan bayan duwatsunku. Amma iyakar da za mu yi magana a kanta yau iri dabam ce, watau wadda yaro zai ƙetare idan ya nufi jami'a a Ingila ko Kanada ko Ostareliya. Wannan ba a ƙetare ta da sanayya ko zumunci. Sai jami'ar da kanta ta gamsu cewa karatu ne ya kawo shi, kana hukumar shige da fice ta ƙasar ta gamsu ita ma, sa'an nan a ba shi biza.

Me ya sa jami'a ta damu da wannan bincike? Dalili shi ne ita ce mai tsaya wa ɗalibi a gaban gwamnatin ƙasarta. A Ingila, kowace jami'a sai da lasisi ta ke ɗaukar baƙin ɗalibai, kuma a kan auna ta kowace shekara. A ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi, waɗanda aka hana biza cikin ɗalibanta kada su kai kashi 10 cikin ɗari, waɗanda suka iso suka yi rajista kada su gaza kashi 90, waɗanda suka kammala kuwa kada su gaza kashi 85. A watan Mayu na 2025 gwamnatin ƙasar ta bayyana niyyarta ta ƙara tsananta wannan ma'auni. Kuma ba barazana ce kawai ba. A watan Agusta na 2012 an karɓe lasisin jami'ar London Metropolitan, ɗalibai fiye da 2,000 suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, ba ta sake samunsa ba sai a 2013. Saboda haka jami'a ta gwammace ta ƙi mutum tun yana gida da ta ɗauke shi ya jawo mata asara.

To, ta yaya a ke binciken? Da farko a kan dubi takardun shaidar karatu. Sakamakon WAEC ko NECO ba a karɓarsa da ganin ido kurum, a kan nemi lambobin katin duba sakamako a tabbatar da shi daga tushe. Wanda ya gama Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, ko Jami'ar Jihar Adamawa, mai yiwuwa ne a tuntuɓi makarantar a tambaye ta. A kan kuma lura da shekarun da mutum ya yi ba ya makaranta. Wanda ya yi shekara shida yana noma ko kasuwanci bai yi laifi ba, amma lalle ne ya faɗi haka, ya kuma bayyana abin da ya sa ya ke son komawa aji.

Na biyu shi ne ganawa. Jami'o'i da yawa su kan yi hira da ɗalibi ta na'ura, suna ganinsa yana ganinsu, kafin su ba shi lambar shaidar karɓa da a ke kira CAS, wadda in babu ita babu neman biza. Za a tambaye shi: me ya sa ka zaɓi wannan fanni? Waɗanne darussa ne a cikinsa? Me ya sa wannan jami'a ba wata ba? Wa zai biya, kuma mene ne sana'arsa? Ina za ka zauna? Me za ka yi da ilmin bayan ka gama? Yaron da dillali ya rubuta wa amsa ya haddace, tambaya guda ta bayan fage ta isa ta tona shi, gama ramin ƙarya ƙurarre ne. Jami'in biza ma yana da ikon sake kiransa ganawa.

Na uku shi ne kuɗi. Dokar Ingila ta ce a nuna kuɗin makaranta na shekarar farko da na ci da sha da masauki har na wata tara, kuma su kwana 28 a jere cikin asusun banki ba su ragu ba. Idan uba ya sayar da shanunsa a kasuwar Mubi, wannan halaliyarsa ce, sai ya sa kuɗin a banki da wuri, ya adana shaidar cinikin. Amma aron kuɗi a nuna a mayar wa mai su yaudara ce, kuma cutarta kan ɗalibin ta ke komawa. Ku tuna, bayan faɗuwar darajar Naira tun daga watan Yuni na 2023, wasu 'yan Nijeriya a Jami'ar Teesside sun kasa cika kuɗin makaranta, har a 2024 aka dakatar da karatunsu, aka umurce su da barin ƙasar. Aikin da a ke yarje wa ɗalibin digiri bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu, ba zai ɗauki nauyin makaranta ba. Bugu da ƙari, tun 1 ga Janairu 2024 an hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

Binciken ba ya ƙarewa ranar da aka sauka daga jirgi. Ana rubuta halartar darasi, wanda ya ɓace kuwa wajibi ne jami'a ta kai rahotonsa, a soke bizarsa.

Sauran ƙasashe ma haka abin ya ke. A 2023 aka gano ɗaruruwan ɗalibai 'yan Indiya sun shiga Kanada da takardun karɓa na jabu, waɗanda da yawansu suka ce dillali ne ya ba su ba da saninsu ba. Tun 1 ga Disamba na 2023 sai makaranta ta tabbatar wa hukuma da kowace takarda kafin a ba da izni. Ostareliya kuwa ta kawo sabon sharaɗin tantance ɗalibi na gaskiya a ranar 23 ga Maris 2024. Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba. Bayan da wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Jamhuriyar Benin da Togo a watan Janairu na 2024. Wanda ya sayi irin wannan takarda, bai tsira a waje ba, bai tsira a gida ba.

Saboda haka, iyaye, ga gargaɗi. Kada ku sayar da gona ko garke domin wani ya ce yana da hanya. Babu dillalin da ke da ikon ba da biza. Ku bar yaro ya rubuta wa jami'a da hannunsa, ya karanta kowace takarda kafin ya sa hannu, a kuma biya kuɗi cikin asusun jami'ar kai tsaye. Wanda aka kama da takardar jabu a neman bizar Ingila ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10, ko da kuwa wani ne ya shirya masa ita.

Ku kuma samari da 'yan mata, ku tambayi kanku tsakani da Allah: karatu na ke nema ko ficewa? In karatu ne, babu tambayar da za ta ba ku tsoro. In ƙarfi bai kai ba bana, ga makarantu nan a Mubi da Yola da Maiduguri, a fara da su, ƙofar digiri na biyu tana nan buɗe. Kowane mai ƙarya da aka kama yana ƙuntata hanya ga ƙannensa masu gaskiya da ke tafe a baya.

Malamai da masu unguwanni, muna roƙonku ku isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su sami halarta ba. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.