Ɗiyar da ta gagara: ina za a kai ta?



Maganar da zan yi yau ana yin ta cikin ɗaka, da murya ƙasa-ƙasa. Ita ce maganar ɗiyar da ta bar lakwal, ta shiga shaye-shaye ko kwanan waje, har uwa ta kasa haɗa ido da maƙwabta. Wanda ya kalli fim ɗin "Zinder" na Aisha Maki, na shekarar 2021, ya ga rayuwar unguwar Kara-Kara da samarin da ake kira ƴan pale. A gefen waɗannan samari akwai ƴan mata, kuma su ba a cika tambayar makomarsu ba.

Idan uba ya rasa dabara, abin da ke fara zo masa shi ne a nisanta ta da gari. Wannan tunani ba namu ba ne mu kaɗai. A Amurka har ya zama sana'a. Iyaye su biya kuɗi masu yawa, a ɗauki yarinya a kai ta sansani cikin daji, musamman a jihar Yuta. Can za ta yi makonni tana tafiyar ƙasa da kaya a baya, tana hura wuta, tana kwana a fili, tare da masu ba da shawara. Hujjarsu ita ce wahala da nisa daga miyagun ƙawaye suna gyara hali. Akwai waɗanda suka dawo suna godiya.

Amma ku saurari sauran labarin. A shekarar 1990 kaɗai, ƴan mata biyu, mai shekara 15 da mai 16, sun mutu a irin waɗannan sansanoni, ɗaya da ƙishirwa, ɗaya da zafin rana. A 2007 ofishin bincike na majalisar dokokin Amurka ya ba da rahoton dubban ƙorafe-ƙorafen cin zarafi a gidajen gyaran hali, ya kuma bi diddigin mutuwar matasa 10. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne ma'aikata marasa horo, da yaro ya ce ba shi da lafiya a ce ƙarya yake. Sai a Disamban 2024 aka sa hannu kan dokar tarayya ta bin kadin waɗannan wurare.

Kusa da mu ma an gani. A Satumban 2019 ƴan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Wata guda bayan haka aka buɗe wani, aka iske har da mata. Galibinsu dangi ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya.

Mu a Damagaram ba mu da sansanin daji, amma muna da namu hanyoyin nisantarwa: a tura ta ƙauye wurin gwaggo, ko a ɗaura mata aure cikin gaggawa. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da ke shan ƙwaya, kunshi da lefe ba su raba ta da ita.

Darasin ɗaya ne. Haɗarin yana inda aka rufe ƙofa, babu mai leƙawa. Don haka kafin ka miƙa ɗiyarka ga kowa, malami ne ko ƙungiya, ka yi tambaya huɗu. Hukuma ta san da wurin? Mata ne ke kula da ita? Akwai likita kusa? Kana iya ganin ta ranar da ka so, ku yi magana ku biyu? In aka hana ka ko ɗaya, koma gida da abarka.

Ku ma'aikata, tun 1999 doka ta tanadi alƙalan yara a ƙasar nan, kuma dokar Disamban 2017 ta kare karatun ɗiya mace. Ku fito da su daga cikin takardu. Ku ƴan kasuwar Dole, karɓar yarinya guda koyon ɗinki ko lissafin shago ya fi wa'azi dubu.

Magabata sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kafin a tambayi ina za a kai ta, a zauna a tambaye ta abin da ya kore ta daga gida.

Allah shi shirya mana zuri'a.